Haƙƙin Bishara da Haƙƙin Maƙwabci: Nasiha ga 'Ya'yan Ikilisiya

A yawancin garuruwan Arewacin Nijeriya da kudancin Nijar, Kirista da Musulmi suna ɗiban ruwa a rijiya ɗaya, suna cin kasuwa ɗaya, 'ya'yansu kuma suna zama a kan benci ɗaya a makaranta. A wurare irin su Wusasa, Malumfashi da karkarar Kano kuwa, inda Hausawa Kirista suke da yawa, ba baƙon abu ba ne a tarar da wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, wannan ya nufi masallaci ran Juma'a, wancan ya nufi coci ran Lahadi. Ɗa ko 'yar da suka tashi a cikin Ikilisiya a irin wannan zama suna ɗauke da haƙƙi biyu a wuyansu. Na farko shi ne haƙƙin bishara, wato labari mai daɗi game da Yesu Almasihu, wanda addininsu ya umurce su da su sanar da mutane. Na biyu shi ne haƙƙin maƙwabci, wanda Littafi Mai Tsarki ya jera ƙaunarsa kusa da ƙaunar Allah. Dattawan da suka daɗe a wannan aiki sun sha ganin samari da 'yan mata masu himma suna tauye na biyu da nufin cika na farko, sai a wayi gari sun rasa duka biyun, domin maƙwabcin da aka ci wa mutunci ba ya sake buɗe kunnensa. Himmar ba laifi ba ce, abin yabo ce ma. Saiti kawai take bukata, kuma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Tarihin bishara a ƙasar Hausa ya ishi mai hankali darasi game da gaggawa. A shekarar 1900 wata tawagar mishan ta Anglikan, ƙarƙashin Bishop Tugwell, ta isa Kano ba tare da an gayyace ta ba, Sarki Alu kuma ya sallame ta cikin 'yan kwanaki, ba ta samu ko mutum ɗaya ba. Ɗaya daga cikin 'yan tawagar, Likita Walter Miller, ya dawo ya zauna a Zariya, ya laƙanci Hausa, ya yi wa mutane magani, ya buɗe makaranta, ya kuma shafe shekaru yana aikin fassarar Littafi Mai Tsarki, wanda ya fito cikakke da Hausa a 1932. Shi ma ba a raba shi da kaushin harshe a kan sarakuna, kuma hakan ya jawo wa aikinsa cikas. Abin lura shi ne jama'a mafi yawa da suka zo masa daga cikin Musulmi, a wajen 1913, su ne Isawa, wato mabiyan koyarwar wani malamin Kano na ƙarni na 19, Malam Ibrahim, wanda karatunsa na ayoyin da suka ambaci Annabi Isa ya kai shi ga ba shi matsayi na musamman, har aka kashe shi a kan haka. Waɗannan mutane tambayar da ke cikin zuciyarsu ce ta kawo su, suka kuma iske wanda ya zauna ya iya harshensu har zai iya amsa musu. Sauri ya haifi nawa, in ji Hausawa, kuma wanda yake son a saurare shi a kan maganar lahira sai ya fara zama mutumin da unguwa ta sani a kan maganar duniya: mai biyan bashi, mai cika mudu, mai zuwa gaisuwar mutuwa da barkar haihuwa.

Kuskuren da ya fi yawa a tsakanin matasa shi ne buɗe baki kafin a san abin da maƙwabci ya gaskata. Da yawa sukan ɗauka Musulmi bai taɓa jin labarin Yesu ba, alhali kuwa tun yana makarantar allo yake karanta sunan Isa ɗan Maryamu, ya yarda cewa budurwa ce ta haife shi ba tare da uba ba, cewa shi ne Almasihu, cewa ya warkar da makaho da kuturu ya kuma tayar da matattu da izinin Allah, yana kuma sa ran dawowarsa a ƙarshen zamani. Sura ta 19 ta Alƙur'ani sunan Maryamu take ɗauke da shi, ita ce kuma mace kaɗai da aka kira da sunanta a cikinsa. Wanda ya san wannan zai gane cewa shi da maƙwabcinsa suna da filin hira mai faɗi tun daga Ibrahim, Yusufu, Musa da Dawuda, har zuwa hisabi da ranar sakamako. Zai kuma gane inda hanyoyin suka rabu. Musulmi ya tsaya a kan tauhidi, wato kaɗaita Allah ba tare da haɗa shi da kowa ba, saboda haka bai yarda da allahntakar Almasihu ba. Bai yarda an gicciye shi ba. Malamansa da yawa kuma sun koya masa cewa an yi wa Attaura da Linjila tahrifi, wato an sauya su. Waɗannan uku kuwa su ne ginshiƙan bangaskiyar Kirista, don haka bambancin ba ƙarami ba ne, kuma babu alheri a nuna kamar babu shi.

A nan ne ake so ɗa ya riƙe gaskiya da hannu biyu. Akwai masu ɓoye abin da suka yi imani da shi don hira ta yi daɗi, su ce ai duk ɗaya ne, su bar maƙwabci ya gano daga baya cewa lallaɓa shi aka yi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma Musulmi mai ilimi ya fi ganin girman Kiristan da ya faɗi aƙidarsa a fili cikin ladabi a kan wanda ke kwana-kwana. Sai dai faɗin gaskiya yana bukatar sanin yadda take sauka a kunnen mai ji. Idan Kirista ya ce Almasihu Ɗan Allah ne, abin da Musulmi yake ji shi ne an jingina wa Allah mata da haihuwa irin ta 'yan Adam, abin da kowane Kirista mai karatu shi ma yake ɗauka saɓo ne. Wajibi ne matashi ya iya bayyana cewa Ikilisiya dangantaka ta har abada take nufi tsakanin Allah da Kalmarsa, kuma koyarwar Triniti, wato Allah ɗaya cikin Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ba ta taɓa nufin alloli uku ba, Maryamu kuma ba ta cikinsu. Mai sauraro zai iya ƙin yarda bayan an yi bayanin, hakan kuma haƙƙinsa ne, amma aƙalla abin da Kirista ya gaskata ne ya ƙi, ba wani abin da aka laƙa masa ba. Wanda bai iya wannan bayani ba gara ya koma wurin fastonsa ko malamin ajin baftisma ya ƙara karatu, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Idan kuma aka yi masa tambayar da ta fi ƙarfinsa, cewa zai je ya tambayo ya fi masa mutunci a kan ƙirƙiro amsa nan take.

Akwai wurare biyu da dattawa suke gargaɗi a kansu fiye da ko'ina, su ne Alƙur'ani da Annabi Muhammadu. A watan Maris na 1987, a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, wani mai wa'azi da ya baro Musulunci ya kawo ayoyin Alƙur'ani a taron ɗalibai Kirista yana fassara su a kan fahimtarsa, ɗalibai Musulmi suka ji an taɓa addininsu, faɗa ya kaure, cikin 'yan kwanaki kuma wutar ta kai Kaduna, Zariya, Funtuwa da Katsina, aka ƙone wuraren ibada masu yawa, aka yi asarar rayuka. A watan Oktoba na 1991 yawan talla da shelar taron mai wa'azin nan ɗan Jamus, Reinhard Bonnke, a birnin Kano, ga kuma ɓacin ran da ake ciki saboda an hana Ahmad Deedat na Afirka ta Kudu zuwa nasa wa'azin, sun haifar da tarzomar da ta ci mutane da yawa, taron kansa ma bai yiwu ba. A watan Mayu na 2022 aka kashe ɗaliba Deborah Samuel a Sakkwato bayan wani saƙon murya da ta tura a zauren WhatsApp na 'yan ajinsu, kisan da Majalisar Sarkin Musulmi ta fito ta yi tir da shi. Dole a faɗa ƙarara cewa babu kalmar da ta halatta wa taron jama'a zubar da jinin mutum, alhakin kisa kuma yana kan wanda ya yi kisan. An kawo waɗannan ne don 'ya'ya su san ƙasar da suke takawa, su kuma san cewa wanda ya yi magana sau da yawa ba shi ke biyan kuɗinta ba. A Janairun 2015 zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa ne ya zama sanadin ƙone coci-coci da dama a Damagaram da Yamai, Kiristan Nijar kuwa ba su da hannu a cikin zanen ko kaɗan.

Tsoro ba shi ne babban dalilin kame baki ba. Babban dalilin shi ne aikin da aka ba Kirista shaida ce, wato faɗin abin da ya gaskata game da Almasihu da abin da ya gani a rayuwarsa, wannan kuwa ba ya bukatar aibata wani ko kaɗan. Wasiƙar Bitrus ta fari ta umurci masu bi da su kasance a shirye su amsa wa mai tambayarsu dalilin begensu, ta kuma gindaya sharaɗin tawali'u da girmamawa. Littafin Ayyukan Manzanni ya nuna Bulus a Atina, a tsakiyar gumaka, yana buɗe jawabinsa da ambaton himmar mutanen garin a kan ibada, a Afisa kuma magatakardan gari da kansa ya shaida cewa abokan tafiyar Bulus ba su zagi abin bautar garin ba. A wajen shekarar 781 shugaban Ikilisiyar Gabas, Timotawus na Ɗaya, ya yi kwana biyu yana muhawara da Halifa Mahdi a Bagadaza. Da aka tambaye shi ra'ayinsa game da Annabi Muhammadu sai ya yaba masa a kan raba mutanensa da gumaka da kiransu zuwa bautar Allah ɗaya, bai kuwa sauka daga aƙidarsa ko taki ɗaya ba, aka rabu da mutunci. Irin wannan amsa ita ta dace da matashin da aka tsare da wannan tambaya: ya ambaci sunan da ladabi, ya faɗi alherin da ya san gaskiya ne, ya bayyana cewa shi mabiyin Almasihu ne, ya tsaya nan. Alƙur'ani ma ya hori Musulmi da su yi muhawara da Ma'abota Littafi ta hanya mafi kyau, ya kuma hana su zagin abin bautar wasu, saboda haka mai ladabi yana da hujjar neman a mayar masa da ladabi.

Wayar hannu ta ƙara wa wannan gargaɗi nauyi. Maganar da a da za ta mutu a zaure tsakanin mutum uku, yanzu ana naɗarta, a yanke farkonta da ƙarshenta, a watsa ta ga dubban mutanen da ba su san mai maganar ba. Bidiyon muƙabala da ke yawo a Facebook da TikTok, inda ake taƙamar an ƙure wane ko an kunyata wane, suna koya wa matasan ɓangarorin biyu cewa addini gasa ce, kuma wanda ya tura irinsu ga abokin karatunsa Musulmi da sunan bishara ya sani cewa zolaya abokin zai ɗauke shi. Magana zarar bunu ce. Hira mai nauyi ta fi dacewa da mutum biyu, ido da ido, a lokacin da babu 'yan kallon da za su sa kowa ya ji kunyar sassautawa.

Ladubban zama da Hausawa Musulmi kuwa sanannu ne ga wanda ya tashi a cikinsu, amma matashin da ya girma a Sabon Gari ko a unguwar da rikici ya ware yana iya rasa su. Ana sallama a tsaya a zaure, namiji ba ya ƙetare shi sai da izini. Gaisuwa tana gaba da kowace magana, kuma ba a yi mata gaggawa. Ba a katse mai shirin salla, ba a gitta gabansa idan ya tayar. Musulmi ba ya taɓa Alƙur'ani sai da alwala, ba ya ajiye shi a ƙasa, don haka idan ya ga Kirista ya jefa Littafi Mai Tsarki a ƙarƙashin kujera ko ya ɗora masa kwano, zai yanke hukuncin cewa mai littafin ma bai ɗauke shi da daraja ba. Baƙon da aka gayyata cin abincin Kirsimeti yana da haƙƙin a tabbatar masa da yankan, a kuma nisanta masa naman alade da giya, ba tare da sai ya tambaya ba. Ga 'ya mace akwai ƙofa a buɗe wadda ɗan'uwanta ba shi da ita, domin ita tana shiga cikin gida wurin matan aure, a wurin kitso, suna da zaman makoki. Amma shigarta ta zama da sanin maigida, tufafinta kuma su zama irin waɗanda gidan zai karɓa. Maganar addini mai zurfi ta tsaya tsakanin mace da mace, namiji da namiji. Saurayin da ya haɗa soyayya da bishara, ko budurwar da ta yi haka, sun jefa kansu da Ikilisiya cikin zargin da ba ya wankuwa, iyaye kuma ba za su kira abin da wani suna ba face satar 'ya'ya.

Batun taimako yana bukatar a daɗe a kansa, domin a nan ne niyya mai kyau ta fi saurin gurɓata. Asibitoci da makarantun mishan sun yi wa ƙasar Hausa hidimar da Musulmi da kansu suke yabawa. Asibitin Galmi a Nijar, wanda mishan ta SIM ta buɗe a 1950, har yau mafi yawan marasa lafiyan da ke cikinsa Musulmi ne. Amma tarihi ya kuma riƙe cewa a shekarun 1930, lokacin da aka miƙa wa mishan asibitocin kutare irin su Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato, sarakuna sun yi ta ƙorafi a kan koya wa marasa lafiya da yara addinin da ba na iyayensu ba, a lokacin da ba su da wani wurin zuwa. Ƙorafin yana da tushe, domin mai jin yunwa ko mai ciwo ba shi da cikakken ikon cewa a'a. Saboda irin wannan ne a shekarar 2011 Majalisar Ikilisiyoyi ta Duniya, da ofishin Fadar Paparoma mai kula da hulɗa da sauran addinai, da Ƙawancen Masu Bishara na Duniya suka fitar da takarda ɗaya a kan ladubban shaida, wadda ta yi tir da yaudara, tilastawa, kwaɗaitarwa da abin duniya, da cin gajiyar talauci ko rashin lafiyar mutum. Ƙa'idar da matashi zai riƙe mai sauƙi ce: buhun masara, kuɗin makaranta ko maganin da zai bayar, ya tabbata zai bayar da su daidai wa daida ko da ya san mai karɓa ba zai taɓa taka coci ba. Almajirin da ya tsaya a ƙofar gida a ba shi tuwo don yana jin yunwa, a bar shi ya koma wurin malaminsa. Sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, wanda ya ba kowa 'yancin yaɗa addininsa da na sauya shi, shi ne kuma ya hana a tilasta wa ɗalibi karɓar koyarwar wani addini wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Ɗan wani amanar iyayensa ne, kuma Kiristan da zai yi kuka idan aka ja ƙaninsa a ɓoye bai kamata ya ja ƙanin wani ba.

Matasa da yawa suna shiga wannan aiki da miki a zuciya, saboda an ƙone gidansu, ko an kashe nasu a Kaduna, Jos ko Borno, ko an hana cocinsu fili shekara da shekaru. Mikin gaskiya ne, babu mai cewa a yi kamar ba a ji ciwo ba, neman adalci kuma ba ya cin karo da ƙauna. Sai dai wanda yake ƙin mutum ba zai iya yi masa albishir ba, domin labarin zuciya a tambayi fuska. Fasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama a wani rikici da aka yi a 1992, Imam Muhammad Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa a wannan rikici. Sun haɗu a 1995 a Kaduna, suka kafa cibiyar sasanci tare, kowannensu kuma yana nan a kan addininsa yana wa'azinsa. A watan Yuni na 2018, a ƙauyen Nghar da ke Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kirista fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a gaban mahara ya ƙi miƙa su. Ya kamata ɗan Ikilisiya ya riƙa tuna irin wannan dattijo duk lokacin da zuciya ta raya masa cewa maƙwabtansa duka ɗaya ne. Ya kuma shirya wa abin da adalci ya ƙunsa: Musulmi ma yana da da'awa, wato kira zuwa ga addininsa, yana kuma yin ta ne don yana so wa abokinsa abin da yake ganin tsira ce. Wanda yake so a ba shi minti goma yana bayanin gicciye, sai ya ba da minti goma yana sauraron bayanin tauhidi, ba tare da ɗaure fuska ko shirya martani a zuci ba.

Wani lokaci maƙwabci yakan dawo da kansa, cikin sirri, yana neman a ba shi Linjila ko a yi masa addu'a. A nan ne ƙuruciya ta fi yin ɓarna, domin murna takan sa a kai labarin gaban taro, ko a ɗauki hoto, ko a matsa masa ya yanke shawara kafin ya gama tunani. Mutumin da ya sauya addini a ƙasar Hausa yana iya rasa gadonsa, aurensa, 'ya'yansa da wurin kwanansa, wani lokaci har ransa yakan shiga haɗari, saboda haka sirrinsa amana ce, shi kaɗai ke da ikon bayyana shi. A gaya masa abin da ke gabansa ba tare da ragi ba, a haɗa shi da dattijon Ikilisiya mai hankali, a kuma hore shi da ya ci gaba da girmama iyayensa, kada ya koma yana zagin abin da suka rene shi a kai. Mafi yawan lokaci kuwa amsar maƙwabci ita ce a'a, ko kuma ya yi shiru ya sauya magana, wanda a wurin Bahaushe amsa ce cikakkiya. Idan haka ta faru, ba a sake tayar da zancen sai shi ya tayar, ba a kuma janye ƙafa daga gidansa. A ci gaba da karɓar naman layyarsa da godiya, a aika masa da abincin Kirsimeti, a yi masa sannu da shan ruwa a watan azumi, a raka shi asibiti idan ɗansa ya kwanta, domin da zarar ziyara ta yanke bayan ya ƙi, zai tabbatar wa kansa da iyalinsa cewa dama can ba don shi ake zuwa ba, kuma Kiristan da zai tare a unguwar bayan shekara goma shi zai tarar da ƙofar a rufe.